Kew, Hampton Court, Blenheim ko Regent's Park: Wane Lambu Za a Kai Su Alhaji Idan Yini Ɗaya Ya Rage a Ingila?

Duk shekara idan watan Yuli ya kama, akwai gidaje a Sakkwato da ke haɗa kaya zuwa Ingila, domin lokacin ne jami'o'in can suke bikin yaye ɗalibai. A tashi daga filin jirgin Sultan Abubakar na Uku zuwa Abuja, daga nan a yi awa shida da wani abu a sama, a sauka Landan. Bikin kansa yini ɗaya ne. Kwana biyu ko uku sukan ƙare a kasuwa da gaishe-gaishen 'yan uwa. Sai a wayi gari saura yini ɗaya tak, a fara tambayar juna ina za a kai su Alhaji da Hajiya su sha iska.

Kawuna na Runjin Sambo ne ya tsare ni da wannan tambaya ran nan bayan la'asar. 'Yarsa da ke gama karatu ta turo masa sunayen wurare huɗu a WhatsApp, duk tsofaffin lambuna ne na sarauta, ta ce ya zaɓi ɗaya.

"Kai da ka taɓa tahiya, gaya min gaskiya. Ni dai ban son wurin da za a ba ni wahala, kuma ban son in biya kuɗɗi in ga haki."

Na ce, "Kawu, ai hakin ake zuwa gani."

Ya yi dariya har da tafa hannu, amma ba wasa nake ba. Abin da na faɗa masa a ranar shi ne na faɗaɗa a nan, saboda na san ba shi kaɗai ke cikin wannan ruɗani ba.

Bazararsu ba tamu ba ce

A gyara wannan tun farko. Idan gidajen rediyo suka ce "bazara" a Turai, watannin Yuni, Yuli da Agusta suke nufi, wato daidai lokacin daminarmu. Mu kuwa bazara ita ce Afrilu da Mayu, sa'ad da ma'aunin zafi ke haura 40, kwalta na narkewa, ruwan randa ya koma kamar an ɗora shi a wuta. A Landan zafin tsakar rana a Yuli yakan tsaya wajen 23 ko 24. Da safe, in akwai iska, Basakkwace zai rantse hunturu ne. Ana samun ranakun ƙuna, har a ranar 19 ga Yulin 2022 zafi ya kai 40.3 a wani gari na Ingila, abin da ba su taɓa gani ba, amma wannan ba kullum ba ne. Abin da ya fi yawa shi ne rana da safe, yayyafi da azahar, rana kuma da yamma.

Agogonsu a wannan lokaci daidai yake da na Najeriya, ba sai ka juya komai ba. Yinin ne ke da tsawo. A farkon Yuli azahar takan kama wajen ɗaya da minti goma, la'asar wajen biyar da rabi, magariba kuwa sai tara ta wuce. Ke nan duk wurin da ka zaɓa, azahar za ta same ka a ciki, watakila da la'asar.

Ma'aunin da na ɗora su a kai

Na farko, kuma wanda ya fi kowane nauyi a wurina, shi ne ƙafa. Ba ƙafarka ba, ƙafar wanda ya fi kowa rauni a cikinku. Waɗannan wurare da eka ake auna su, ba da taku ba, kuma hotunan intanet ba sa nuna nisan da ke tsakanin ƙofa da wurin da aka ɗauki hoton. Idan akwai mai ciwon gwiwa, ko mai ciwon suga, ko mai goyo, to shi ne zai zaɓa muku wuri ko da bai buɗe baki ba.

Na biyu kuɗi, kuma a lissafa shi da kai-kai, a haɗa da kuɗin jirgi. Farashin yana canjawa duk shekara, ya kuma bambanta tsakanin ranakun aiki da ƙarshen mako, don haka abin da zan ba ka kimantawa ce. Sayen tikiti ta intanet kafin ranar ya fi sauƙi fiye da saye a bakin ƙofa.

Na uku hanya: jirgi nawa za a hau, sau nawa za a canja.

Na huɗu shi ne ƙarkon shirin. Shirin da yayyafi na minti ashirin zai wargaza ba shiri ba ne. Ina za ku fake? Akwai abin kallo a ƙarƙashin rufi, ko kuwa sai dai ku cunkushe a shagon shayi kuna kallon agogo?

Sai abin da Bature ba ya sawa a lissafi amma mu dole ne: wurin alwala da sallah, abincin halal, da abin da ido zai gani alhali kana tare da iyaye ko surukai.

Kew

Ana furta shi "Kiyu". Yana kudu maso yammacin Landan, a bakin kogin Thames. Gimbiya Augusta, mahaifiyar Sarki George na Uku, ita ta fara shi a 1759, lokacin Shehu Usmanu yana ɗan shekara biyar. Yau ya haura eka 300, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2003. Ba lambun shaƙatawa ba ne kawai, cibiyar bincike ce, akwai busassun samfurin tsirrai na miliyoyi a ajiye.

Mu ma muna da hannu a ciki. Wani likita ɗan Sikotlan, John Dalziel, ya yi aiki a Arewacin Najeriya zamanin Turawa, yana tattara tsirrai yana tambayar mutane sunayensu. A 1916 ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, daga baya kuma ya zauna a Kew suka rubuta babban kundin tsirran Afirka ta Yamma shi da John Hutchinson. Ta Kew ɗin nan ne kuma irin itacen roba ya bi: a 1876 aka kawo iri dubu 70 daga Burazil, aka tsirar da wasu a nan, aka aika da dashen zuwa Asiya.

Abin da ya sa nake fifita Kew ga mai tafiya da dattawa shi ne gidajen gilashi. Mafi shahara shi ne na itatuwan ƙasashe masu zafi, wanda aka gina tsakanin 1844 da 1848, ƙarfe da gilashi zalla, siffarsa kamar an kife jirgin ruwa. Da na kai Innata, muna tura ƙofa tabarau ɗinta ya rufe da tururi. Ta cire shi tana gogewa da bakin mayafi, ta ɗaga kai ta ga kwakwar manja ta kusa taɓa rufi, ga ayaba, ga koko, kowane da ɗan allo mai sunan Latin a gindinsa. Ta ce, "Wanga wuri ai Ikko ce aka sa cikin kwalba." Turawa na ta fifita da takarda suna gumi, ita kuwa a nan ne ta fara cire rigar sanyi tun saukarmu. Hukumar lambun ta sanar da shirin rufe wannan gida domin babban gyara daga 2027, don haka a duba kafin a sa rai.

Akwai wani gidan gilashin da ya fi shi girma, wanda aka sake buɗewa a 2018 bayan gyaran shekara biyar, da wani na 1987 mai yanayi iri goma, daga hamada zuwa kurmi. Amma wanda ya fi tsaya mini a rai ƙarami ne, na bado. Badon da muka sani a tafkin Kware da fadamar Kwalkwalawa ganyensa bai fi faifai ba. Na can daga Kudancin Amurka aka kawo irinsa, ganye ɗaya yakan kai faɗin mita biyu, bakinsa a tashe kamar tiren biki. Duk shekara daga iri ake tsirar da shi, ke nan mai zuwa da sanyi ba zai gan shi ba. Wannan rabon mai zuwa a Yuli da Agusta ne.

Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, babu hawa da gangara, benci ko'ina, kuma ana ba da aron keken guragu a ƙofa. Masu jini a jika suna da hasumiya irin ta ƙasar Sin da aka gina a 1762, hawa goma, matakala 253, da ƙarin kuɗi kaɗan. Akwai kuma wata gada da ke bi ta kan itatuwa, mita 18 daga ƙasa. Ba a shiga da karnuka sai masu yi wa makafi jagora, kuma wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga mai son shimfiɗa darduma a kan ciyawa.

Kuɗin babba yakan faɗo tsakanin fam 20 da 25. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin District yana kai ka tashar Kew Gardens cikin kamar rabin awa daga tsakiyar gari, daga nan tafiyar minti biyar. Aibinsa biyu: jiragen sama masu sauka a Heathrow suna wucewa ta kanka ba ƙaƙƙautawa, sannan fadar da ke ciki ƙarama ce. Wanda ya zo don ganin ƙasaitar sarauta zai ce an rage masa.

Hampton Court

Nan rabi fada ne, rabi lambu. Thomas Wolsey, babban limamin coci kuma tamkar waziri ga Sarki Henry na Takwas, shi ya fara gina ta wajen 1514, kusan zamanin da Kanta ke kafa Kabi yana gina Surame. Da ya ga sarki ya fara juya masa baya sai ya miƙa masa gidan, amma hakan bai cece shi ba. Wannan Henry shi ne mai mata shida, wanda ya sa aka fille kan biyu daga ciki. Daga 1689 kuma Sarki William na Uku da Sarauniya Mary suka sa Christopher Wren ya rushe wani sashe ya gina sabo, shi ya sa gaban gidan da bayansa kamar ba gida ɗaya ba.

Madafar fadar ita ce ke kama mutanenmu. Murhu ne da mutum zai shiga tsaye, bango ya yi baƙi da hayaƙi, ga dogayen ƙarafunan gashi. A wancan zamani daga nan ake ciyar da ɗaruruwan fadawa sau biyu a yini. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai balangu zai gane aikin ba tare da an yi masa bayani ba.

Lambun da aka tsara ya kai eka 60, bayansa kuma akwai fili mai bareyi na ɗaruruwan eka. Akwai itatuwan da aka aske suka zama kamar jinkar rumbu, jere reras. Akwai itacen inabi da aka dasa a 1768, har yau yana 'ya'ya, ana sayar da su a watan Satumba. Sai shingen ɓad-da-mutum da aka shuka a ƙarshen ƙarni na 17: lunguna ne na shinge masu tsawo, ka shiga ka nemi hanyar fita. Yara suna haukacewa a kansa. Dattijo kuwa kada a sa shi, babu wurin zama a lungunan, kuma ba kowa ke son jikokinsa su ga ya ɓace ba.

Kuɗin babba wajen fam 30 ne, ya haɗa fada da lambu. Jirgin ƙasa daga tashar Waterloo kai tsaye, minti 35 ko kusa, ka sauka ka tsallaka gada ka shiga. Idan ruwa ya sauko babu asara, fadar kaɗai ta isa ta cinye awa uku. Sai dai akwai matakalu, tsakar gidan kuma duwatsu ne masu gargada da ke wahalar da keken yara da mai sanda. In ba lokacin hutun makaranta ba ne, ba kowace rana ake buɗewa ba, a duba. Kuma in faɗa maka abin da ba za a rubuta a tikiti ba: zanen da ke bango da rufin wasu matakalu na gumakan tsoffin Turawa ne, da yawansu ba sutura. Idan kana tare da surukarka, ka san inda za ka sa idonka. Masallaci mafi kusa da na sani yana garin Kingston, 'yar tafiya ce a bas.

Blenheim

"Bilenim" ake cewa. Wannan shi ne wanda ya fi kowane kyau a hoto, kuma shi ne wanda na fi jan kunnen mutane a kansa.

Ba a Landan yake ba. Yana Woodstock, kamar kilomita 13 daga Oxford. Kyauta ce da Sarauniya Anne da ƙasa suka yi wa John Churchill, sarkin yaƙinsu, saboda nasarar da ya samu a kan Faransa da ƙawayenta a 1704, shekara ɗari cif kafin hijirar Shehu zuwa Gudu. An yi ginin daga 1705 zuwa 1722, kuma har gobe zuriyarsa na zaune a wani sashe. A nan aka haifi Winston Churchill a 1874, ana nuna ɗakin. UNESCO ta sa wurin cikin jerinta a 1987.

Amma ba ginin ne abin mamaki ba, filin ne. Ka tsaya ka ga tafki ya miƙe yana lanƙwasa tsakanin tuddai, ga gungun itatuwa nan da can, ga tumaki na kiwo, sai ka ce haka Allah ya halicci wurin. Alhali aikin hannu ne. A shekarun 1760 aka ɗauko wani mai tsara lambuna, Lancelot Brown, wanda ake wa laƙabi da Capability saboda duk mai gonar da ya kira shi sai ya ce masa wurin nan zai iya gyaruwa. Ya tarar da ɗan rafi mai suna Glyme yana bi ta ƙarƙashin wata ƙatuwar gada da ta fi ƙarfinsa. Sai ya datse rafin, ruwa ya taru ya zama tafki, ya haɗiye ƙasan gadar har da ɗakunan da ke cikinta. Mu an datse Rima a Goronyo domin noman rani da ruwan sha. Shi ya datse nasa ne domin ido kawai, don mai gida in ya leƙo ta taga ya ji daɗi. Ya kuma dasa itatuwan da ya san ba zai ga girmansu ba, mu ne muke shan inuwarsu. Wannan Brown ɗin shi ne mai kula da lambun sarki a Hampton Court lokacin da aka dasa inabin da na ambata, kuma ya taɓa aiki a filin da ya zama Kew. Ke nan uku daga cikin huɗun nan duk akwai sawunsa.

Filin ya kai eka 2,000, wato filin ƙwallo sama da dubu. A nan na yi kuskuren da har yau ake yi mini gori a gida, kuma laifina ne ni kaɗai. Na hango doguwar hasumiyar tunawa da nasarar yaƙin, mai tsawon mita 41, na ce wa Inna ai ga ta nan kusa. A irin wannan fili ido yana ƙarya. Mun tsallaka gada, mun yi ta tafiya, hasumiya na nan inda take. Sabon takalmi ne a ƙafarta, wanda aka saya don biki. Can ta nemi gindin wani tsohon itace mai kaurin kuka ta zauna, ta tuɓe takalman ta jera su gefe, ta ce in je in gaishe da hasumiyar in dawo in same ta. Da na tsaya a lambunan da ke jikin fadar, masu matattakalar ruwa da maɓuɓɓuga, da ba mu sha wannan ba. Akwai ma ɗan ƙaramin jirgin ƙasa da ke ɗaukar mutane daga fada zuwa sashen yara.

Kuɗinsa ya fi na sauran, wajen fam 40 ga babba in za a shiga fada. Tikitin yakan zama na shekara guda, amma na mai sunan ne, don haka ɗalibin da zai ci gaba da zama shi ke cin riba, ba kai mai komawa Sakkwato jibi ba. Hanya kuma sai an shirya: jirgin ƙasa daga Paddington zuwa Oxford kamar awa ɗaya, sannan bas mai lamba S3 ko S7 zuwa Woodstock, rabin awa ko fiye. Da jira da canji, ka sa awa biyu zuwa, awa biyu dawowa. Tikitin jirgin da aka saya a ranar tafiya yana da tsada sosai. A ɗauki mutum biyar manya, a ƙaddara fam a kan naira 2,000 don sauƙin lissafi: kuɗin shiga kaɗai naira 400,000 ne, ba a hau jirgi ba, ba a sha ko shayi ba. A Kew su biyar ɗin ba za su wuce 250,000 ba. Sallah kuwa, ko dai a yi ta a fili, ko a haɗa da Oxford, inda akwai babban masallaci a gefen titin Cowley.

Regent's Park

Shi kyauta ne, kuma a tsakiyar Landan yake, kusa da tashar Baker Street. John Nash ya tsara shi daga 1811 domin yariman da ya zama Sarki George na Huɗu. Girmansa wajen eka 400. A tsakiyarsa akwai lambun Sarauniya Mary mai furen wardi kusan 12,000, wanda ya fi cika a farkon Yuni amma yakan kai Yuli da sauran kyau. Akwai tafki da ake hayar ƙananan kwale-kwale, a arewa kuma gidan namun daji na Landan, da nasa tikitin daban.

Babbar falalarsa ita ce Babban Masallacin Landan, mai ƙubba ruwan zinariya, wanda aka kammala a 1977, yana manne da lambun. Ka yi alwala a wurin alwala na gaskiya, mata su shiga sashensu, a bi jam'i, a dawo kan ciyawa. Titin Edgware mai gidajen abincin Larabawa bai da nisa.

To amma babu fada, babu rufi. Ruwa in ya sauko sai laima ko masallaci. Kuma tunda na kowa da kowa ne, ranar da rana ta fito za ka tarar da mutane kwance suna shanya jiki da ɗan abin da bai kai a kira shi tufa ba, ga karnuka na guje-guje, ga masu shan giya a kan tabarma. A titunan kewaye kuma a riƙe waya da kyau, masu fizge a kan keke ba su san baƙo ba.

| Wuri | Kuɗin babba | Hanya daga tsakiyar Landan | Tafiyar ƙafa | In an yi ruwa | Sallah |
|---|---|---|---|---|---|
| Kew | fam 20 zuwa 25 | kamar minti 30, jirgi ɗaya | matsakaiciya, babu tudu | gidajen gilashi | darduma a kan ciyawa |
| Hampton Court | wajen fam 30 | kamar minti 35, jirgi ɗaya | matsakaiciya, da matakalu | fada | darduma, ko Kingston |
| Blenheim | wajen fam 40 | kamar awa 2, jirgi da bas | mai yawa | fada, amma fili ya tashi a banza | darduma, ko Oxford |
| Regent's Park | kyauta | a cikin gari | yadda ka so | babu mafaka | masallaci a gefe |

Ƙananan abubuwan da ke ɓata yini

Abinci tukuna. Kada a ce za a zo da kilishi daga gida, dokar Birtaniya ta hana shigo da nama da nono daga ƙasashe irin namu, a filin jirgi za a karɓe. A sayi kazar halal a Landan, a yi dafa-duka a zuba a kula, a cika fulas da shayi. Duk wurare huɗun ana barin mutum ya ci abincinsa a kan ciyawa. In dole sai an saya a ciki, a tsaya kan mai kifi, ƙwai ko cuku, domin naman alade yana ɓuya a burodinsu da sunaye iri-iri. Wurare da yawa ba sa karɓar tsabar kuɗi, kuma katin naira yakan ba da kunya, a bar wa ɗalibin biya da nasa.

Ƙurar furen ciyawa tana tashi daga tsakiyar Mayu zuwa Yuli, tana sa atishawa da ƙaiƙayin ido, mai asma kada ya bar maganinsa a masauki. Inda akwai bareyi, kamar filin bayan Hampton Court da Bushy Park da ke tsallaken titi, akwai kaska a doguwar ciyawa, kuma cizonta na iya jawo ciwo. Mu da muka san kaska a jikin shanu bai kamata a tuna mana ba. Bareyin ma a ba su tazara, lokacin haihuwarsu ne, uwa takan kai hari.

Kada a tsinki fure, kada a karyi reshe da sunan za a dasa a Mabera. Hutun makarantunsu yana farawa a ƙarshen Yuli har farkon Satumba, daga nan cunkoso ya ƙaru, ranar Talata ko Laraba da safe ta fi Asabar nesa ba kusa ba. Wuraren da ake shiga da tikiti suna buɗewa wajen ƙarfe goma, kuma gine-ginen ciki sukan rufe wajen biyar ko da rana na tsaka, don haka a fara da su. A ƙarshen mako kuma akan yi gyaran layin dogo, a duba tun da dare. Takalmi tsoho, rigar sanyi marar nauyi a ƙarƙashin babbar riga, laima ɗaya ga kowane mutum biyu.

To wane?

In kana tare da dattawa, ko ba ka yarda da sararin samaniya ba, ko kai manomi ne ko mai sha'awar itatuwa da magunguna, Kew. Shi ne wanda da wuya ya ba ka kunya.

In akwai yara daga shekara shida zuwa sha biyar, ko mai son labarin sarakuna da makircin fada, Hampton Court, a kuma fara da madafa kafin jama'a su cika.

Blenheim na masu ƙafa ne da masu aljihu, da waɗanda bikinsu a Oxford yake ko kusa da ita, da ango da amarya masu neman hoton da za a rataye a falo. In za a je da tsoho, a yi masa iyaka da lambunan jikin fada, matasa su zagaya tafki su dawo.

In kuɗi sun ƙare a kasuwa, ko awa uku kawai suka rage kafin a nufi filin jirgi, ko ranar Juma'a ce, Regent's Park.

Kawu ya saurara har na gama, ya tambayi gwiwar Hajiya ta nawa ce a lissafin, na ce ta farko. Ya ce to a saya musu na Kew ranar Alhamis, Juma'a kuma in an sauko daga masallaci sai su ɗan taka su ga wardin tunda ba a biya. Har na miƙe zan tafi ya kira ni.

"Badon nan da ka ce, mita biyu? Ganye guda?"

Na ce awo, Kawu.

"To zan tahi da igiya in auna."